Abin da Goggo Asta Ta Ji Ta Taga

Assalamu alaikum, masu bin labarina. Wata ta rubuto ta ce ina ba da labari kamar mai karanta sakamakon asibiti, ba kuka ba rarrashi. Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, haka bakina yake. Ga waɗanda yau suka fara shigowa: sunana Zulaihat, 'yar Ƙaura Namoda. Abin da zan faɗa ya faru a 2004, shari'a tana sabuwa a Zamfara, wayar hannu ta fi ta sabunta.

Tun ina ƙarama aka ba ƙanen Baba riƙona. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya kai shi Inugu, can na yi firamare da sakandare da kwalejin horon malamai. Da ya ajiye aiki muka dawo gida. Na dawo da takardar koyar da Turanci, da Hausar da ke sa yaran unguwa dariya, da gyaluluwa shara-shara. Ranar da na sauka Inna ta ninke su ta sa a ƙasan akwati, ta aika wa tela yadi. Hijabai ya ɗinko har ƙasa, toka-toka da ruwan ƙasa. Mata ba sa hawa kabu-kabu a lokacin, don haka da ƙafa nake zuwa makarantar 'yan matan da aka ɗauke ni koyarwa, hijabin yana share min hanya.

A tashar mota Muttaka ya fara ganina, ina faɗa da kwandasta da Turanci saboda Hausar faɗa ta ƙare min. Ya tsaya ya gama dariyarsa, sannan ya tambayi gidanmu. Magatakarda ne a wata kotun shari'a a Shinkafi, iyayensa suna Zurmi. Dogo, siriri, kaftaninsa kullum fari, ya sha guga har yana ƙara in ya motsa. Ranar Asabar yake zuwa bayan la'asar. Shi a benci cikin zaure, ni a tabarma, ƙofa a buɗe, Baba yana tari daga ciki lokaci-lokaci don mu san yana nan.

Shi ya saya min waya. A gidanmu sabis ba ya kamawa sai a tagar ɗakin Inna, don haka a cikin safa take zama, rataye a ƙusa. Saƙonsa da cikakkiyar sallama yake farawa, ya ƙare da cikakken suna kamar sammaci: "Naki, Muttaka Lukman Zurmi." Na taɓa tambayarsa ko yana tsoron in ɗauka wani Muttakan ne.

"Aikin kotu ya ɓata ni, Malama," ya ce. "Ko cefane na rubuta sai na sa hannu."

Ina son shi. Na faɗa sau ɗaya, ba sai na maimaita ba.

Manyansa sun riga sun zo gaisuwa, goro da alawa sun zaga dangi. Saura bincike, sai sa rana. Ku da kuka tashi a nan kun san bincike. Ni na ɗauka maƙwabta kawai ake tambaya: yarinya tana gaisuwa, gidansu ba hauka, ba sata. Iyakar sanina ke nan.

Ana cikin haka shugaban makarantarmu, Malam Muhtari, ya kira ni ofis. Malamin da ke koyar da addinin Kirista ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, kamar yadda da yawa suka yi a shekarun nan. Ya bar 'yan mata kaɗan a ajin ƙarshe, 'ya'yan ma'aikatan jirgi da na bariki da na masu kemis, an riga an yi musu rajistar darasin a jarrabawar WAEC.

"An ce a Inugu kin yi CRK," ya ce, darasin addinin Kiristan yake nufi.

"Na yi. Makarantarmu ba malamin addinin Musulunci. Ko ka zauna ajin, ko ka ɗauki adda ka yanke ciyawa."

"Kin ci?"

"Na fi 'yar fasto ci."

Bai yi dariya ba. Ya tashi ya tura ƙofa.

"Ba dole nake miki ba, Malama."

"In na ƙi wa zai koya musu?"

"Babu."

"To a ba ni alli."

Ban yi shawara da kowa ba. Inda na tashi, wannan ba abin shawara ba ne.

Ɗakin da aka ba mu yana jikin sito, ƙarshen makaranta. Tagarsa ba murfi. A ƙarƙashinta akwai darbejiya, nan masu tallar abinci suke zama suna jiran a tashi tara: mai ɗanwake, mai kwaɗon rama, mai hoce. Ranar farko na tsaya gaban allo na ce wa 'yan matan, "Ni Musulma ce. A wajena Annabi Isa, alaihis salam, manzo ne, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, kuma Allah ba shi da ɗa. Abin da littafinku ya ce zan koya muku, ba abin da na yarda da shi ba."

Wata baƙa mai wushirya, Rifkatu, 'yar wani direban jirgi, ta ɗaga hannu. "Mun sani, Malama. Hijabinki ya riga ki faɗa."

A Ƙaura aka haife su duka. Sun fi ni Hausa nesa ba kusa ba.

Bishara huɗu ce a littafinsu, wato labarin Annabi Isa daga marubuta huɗu, kowace da halinta. Na fara da ta biyun saboda ta fi gajarta, lokaci kuma ya ƙure. Kuma gaskiya, ita kaɗai ce na taɓa karantawa ba don jarrabawa ba. Ba ta da gaisuwa. Ba labarin haihuwa, ba jerin kakanni. Kana buɗewa mutum ya riga ya girma, yana tsaye a bakin kogi. Daga nan sai gudu: nan da nan ya shiga kwalekwale, nan da nan ya sauka, nan da nan aka kawo masa mara lafiya. Wa'azi kaɗan, aiki da yawa.

"Malama, wannan mai rubutun mota ce za ta tashi ta bar shi?" in ji Rifkatu. "Fastonmu ta huɗun yake so. Ita akwai zance mai daɗi."

"Ta huɗun daga sama take farawa," na ce. "Wannan daga ƙasa. A nan yana gajiya, yana jin haushi, yana barci a kan matashi. Danginsa ma sun taɓa zuwa su kama shi su mai da shi gida, suna cewa kansa ya taɓu. Ku rubuta wannan, sauran ba su faɗe shi haka ba."

Abin da ya fi ba su mamaki shi ne ɓoyon. Ya warkar da kuturu, ya ce kada ya faɗa wa kowa. Ya tayar da yarinya, ya ce a ba ta abinci, kada a faɗa wa kowa. Aljanu suka san shi, ya tsawata musu su yi shiru. Almajiransa kuwa, da suke ci tare da shi, ba sa gane komai. Ya yi magana a kan wahalar da ke jiransa, su suna baya suna gardamar wa ya fi wani girma. Na nuna musu labarin makahon da sai da aka taɓa shi sau biyu: da farko yana ganin mutane kamar itatuwa suna tafiya, sai a karo na biyu ya gani sarai.

"Wannan makahon su ne," na ce. "Suna gani, amma dishi-dishi."

Matsalar ita ce rubutu. In na tambaye su da baki sun sani, in na ba su takarda sai su zuba min shirme. Sai na koma yadda kowane yaro a garin nan ya saba karatu, Musulmi ko Kirista: malam ya faɗa, yara su biya. In faɗa da Turanci su biya, in faɗa da Hausa su biya, har ya zauna.

Ranar wata Talata muka zo kan jigon littafin. Na ce musu tun daga farko marubucin ya faɗa wa mai karatu ko wane ne mutumin a wajensa, amma mutanen cikin labarin suna ta laluben duhu. Ba a wajen mu'ujiza aka gane shi ba. Sai da aka rataye shi, abokansa sun watse, ya yi ƙara ya cika, sannan wani ya faɗa a fili. Kuma ba almajiri ba ne, ba malami ba ne. Sojan Roma ne, baƙo, cikin waɗanda suka kashe shi.

"Abin da littafin ke nufi ke nan," na ce. "A wajensa, wanda bai ga wahalar ba bai ga mutumin ba. To me sojan ya ce?"

Zafi ya sa rabinsu gyangyaɗi.

"Ku tashi tsaye. Ku biya bayana."

Zan rubuta muku a nan kamar yadda na faɗa a can, labari nake bayarwa. Na ɗaga murya na ce mutumin nan Ɗan Allah ne. Suka biya. Na ce ban ji ba. Na sake faɗa, suka sake biyawa, har kwanon rufin yana amsawa.

Da na juya zan ɗauki tsumman goge allo, sai na ga fuska a taga. Tsohuwa ce, da zane shuɗi na saƙi, da faifan hoce a hannu ɗaya, carbi a ɗayan. Carbin ya tsaya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi tofi gefen hagu, ta rufe hocenta ta tafi. Na ɗauka ciniki ne bai yi mata daɗi ba.

Asabar Muttaka bai zo ba. Na yi kwalliya, na sa atamfata mai ganyen kuka, na turara hijabi, na zauna har aka kira magariba. Lahadi da hantsi safa ta yi ƙara a ƙusa. Saƙon Muttaka ne, ba sallama, ba suna.

"Me kika faɗa a aji ranar Talata?"

Na rubuta: "Darasi. Lafiya?"

Bai amsa ba.

Da la'asar wani dattijo ya zo daga Zurmi, suka daɗe da Baba a zaure. Da ya tafi Baba ya shigo tsakar gida, ya shimfiɗa buzunsa a gindin rumbu, ya kashe rediyo. Inna tana tankaɗen garin dawa, ba ta ɗago ba. Ta riga ta ji, ta bayan ƙofa.

"Zulai, zamna," Baba ya ce. "Goggon Muttaka, Asta, ta zo makarantarku."

"Ban gan ta ba, Baba."

"Ita ta gan ki. Bincike anka turo ta. Ta ce ta ji kin hwaɗi wata kalma, kin sa ɗiyan mutane sun biya."

"Darasi ne. Maganar wani soja ce a cikin littafinsu."

"Sojan shina cikin ajin?"

"A'a."

"To daga bakin wa kalmar ta hito?"



"Ni ban yi boko ba," ya ce. "Amma na yi karatu. Abin da malamina yab biya min ina yaro, shi nike kai har yau, shi za a rufe ni da shi. Ba a biya ma yaro abin da ba a yarda da shi ba. Mu haka munka sani. Wanda yab biya, ya ɗauka."

"Baba, na faɗa musu tun ranar farko ban yarda da shi ba."

"Goggo Asta ba ta nan ranar hwarko."

Inna ta buga rariya a gefen ƙwarya. "Hwaɗa mata abin da sunka ce, Malam."

Sun ce ba su fasa ba, mutanen kirki ne. Sharaɗi biyu. In bar ajin. Sannan ranar Asabar a kai ni Zurmi gaban limaminsu, in yi wanka, in yi kalmar shahada a gaban shaidu. A ranar za a sa rana.

"Mi ne a ciki?" in ji Inna. "Kalmar da kike yi kullum. Ki yi ta, a wuce wurin."

"Inna, wa ake sa wa ya yi wanka ya yi shahada gaban shaidu?"

Ta san amsar. A layinmu akwai wata Hajiya da ta musulunta tun kafin a haife ni. Ta je Makka, ta aurar da 'ya'ya, gidanta ake sauke Alƙur'ani da azumi. Har yau in za a yi kwatancen gidanta, gidan tubabbiya ake cewa. Jikokinta in suka yi faɗa a rijiya, da shi ake rufe musu baki.

"Wagga ɗiya taurin kai za ya kashe ta," Inna ta ce wa garin dawa. "Mun ba da riƙo, an maido muna lauya."

Alhamis da yamma Muttaka ya zo a babur, kai tsaye daga Shinkafi. Karo na farko da na ga kaftaninsa a yamutse. Bai zauna a benci ba, ya jingina da bango.

"Malama."

"Malam. Saƙonka ya zo ba sa hannu."

Ya yi ɗan murmushi, ya mutu a hanya. "Zulai, me ya kai ki?"

"Yara ba malami. Ka ɗauka na bar addinina?"

"Haba. Ni na karanta fiƙihu. Wanda ya ba da labarin maganar kafirci bai zama kafiri ba, wannan ɗan aji ɗaya ma ya sani."

"To ka faɗa musu."

"Na faɗa wa Alhaji." Mahaifinsa yake nufi. "Ya ce ashe ni ma an fara biya min."

"Sai ka ce me?"

"Me zan ce? Uba ne." Ya share fuska da hularsa. "Kin san inda nake aiki. A ce matar magatakardan kotun shari'a tana tsaye tana sa yara suna... Zulai, akwai masu jiran kujerata. Ko shayi na sha a shagon Inyamuri sai an kai rahoto."

"Kujerar kake aure ko ni?"

"Kada ki yi min Turanci da Hausa."

Na ce masa ajin ba zan bari ba sai an yi jarrabawa, saura kaɗan. Na ce Zurmi zan je, in yi bayani da bakina a gaban kowa. Amma wanka da shahadar shiga, a'a. Ba zan shiga ɗakin da nake ciki ba. In na yi, na sa hannu cewa na taɓa fita, kuma 'ya'yan da zan haifa masa su za su biya.



"Limaminmu malami ne na gaske," ya ce. "Ya san hukuncin. Ki zo kawai. Maganar aji a bar ta tukuna. Ina wurin, zan tsaya miki."

"Ka tabbata?"

"Wallahi."

Tun dare bai yi nisa ba saƙo ya shigo, da cikakkiyar sallama. "Ki kwantar da hankalinki. Naki, Muttaka Lukman Zurmi." Na karanta, na mayar da wayar cikin safa, na ci tuwo. Rabona da cin abincin kirki tun Lahadi.

Juma'a muka kai babin ƙarshe. Mata ne suka je kabarin da sassafe, suna tunanin wa zai gusar musu da dutsen. Suka tarar an gusar, gawa babu. Wani saurayi cikin fararen kaya ya ce musu ya tashi, su je su sanar. Suka fito da gudu jiki na rawa, ba su ce wa kowa komai ba, don tsoro.

"Tsofaffin kwafin a nan suka tsaya," na ce.

Rifkatu ta ɗaga nata. "Nawa bai tsaya nan ba, Malama. Akwai saura."

"Akwai. Masana da yawa sun ce daga baya aka ƙara, don mutane ba su iya zama da wancan ƙarshen ba. In an tambaye ku, ku faɗi duka biyun."

"Ai ba daɗi. Littafi guda ya ƙare da tsoro?"

"Da tsoro yake tafiya tun farko. A cikin kwalekwale almajiransa sun ji tsoro, a kan dutse sun ji tsoro, babbansu ya yi rantsuwa bai san shi ba don wata 'yar aiki ta tambaye shi. Ba littafin jarumai ba ne."

"To in matan ba su faɗa ba, ya aka yi muka ji?"

"Tambayar da yake so ki yi ke nan. Ki rubuta ta."

Aka buga ƙararrawa. Sauran suka fita, ita ta tsaya tana gyara madaurin jakarta.

"Mamana ta ji wata magana a kasuwa," ta ce. "Litinin za ki zo?"

"Ki karanta babin ƙarshe, Rifkatu."

Asabar muka shiga mota, Baba a gaba, ni da Inna a baya. Na sa hijabi mai ruwan ƙasa da safa baƙa. Inna ta riƙe wata leda a cinya. Sai da muka wuce rabin hanya na leƙa: sabon zane ne da sabulu.

"Ko da za a buƙata," ta ce, tana kallon gonakin gero.

Zauren liman babba ne, ƙasa da yashi, littattafai jingim a gefe cikin gafaka. Maza suna ciki: Baba, Alhaji Lukman da ƙannensa, Muttaka a can ƙarshe kusa da ƙofa. Mu mata aka zaunar da mu a bakin ƙofar cikin gida, inda za a ji mu. Goggo Asta tana gefena da zanenta shuɗi. Na gaishe ta, ta amsa wa Inna. A bayanmu, jikin bangon makewayi, na ga bokiti cike da ruwa an rufe shi da faifai.

Liman tsoho ne ƙwarai, tabaransa ɗaure da zare. Ya sa na yi bayani, bai katse ni ba. Sannan ya juya.

"Asta, ta ce ita ta yarda da haka, ko ta ce wani yac ce?"

"Allah gafarta Malam, ni dai kalma na ji ta hito. Ba sau guda ba. Da ƙarfi, tana cewa ba ta ji ba a ƙara. Ko a'uzu ba ta yi ba. Ko fuskarta ba ta ɓata ba. Ni in zan hwaɗi abin da ban so, ana gani a fuskata."

Wani daga cikin ƙannen ya yi salati.

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce hukunci a fili yake: mai ba da labarin magana ba mai maganar ba ne, in ba haka ba da babu malamin da zai iya karantar da abin da Fir'auna ya ce. Ya ce da ta shi ne, da ba a ɗebo ruwan nan ba. Amma zukata sun riga sun ɗauki abu, kuma aure ba a ɗaura shi a kan zargi.

"Ga sauƙi," ya ce. "In wanda yas san ta ya shaida cewa a kan Musulunci yas san ta, bai ga canji ba, magana ta ƙare. Ba wanka, ba komi. Ubanta ba ya shaidar ɗiyarsa. Muttaka, kai kake zuwa wurinta. Ka shaida?"

Na sauke numfashi. Har Inna ta saki ledar.

Alhaji Lukman ya yi gyaran murya. Bai dubi ɗansa ba, yashi yake kallo.

"Ka yi tunani dai," ya ce a hankali. "Kai ma'aikacin kotu ne. Ka san nauyin shaida. Kuma abin da kac ce nan, gobe shina Shinkahi."

Daga inda nake ina ganin ƙafafun Muttaka kawai. Babban yatsansa yana tona yashi.

"Allah gafarta Malam," ya ce. "Ni... ban san ta da komai ba sai alheri."

"Ba shi na tambaye ka ba. Ka shaida?"

"Ba na cikin ajin, Malam. Zuciya kuma Allah kaɗai ya san ta." Yatsansa bai daina tona yashin ba. "In ta faɗi kalmar, ai kowa ya huta."

Wata akuya tana kuka a bayan gida.

Liman ya cire tabaransa, ya goge, ya mayar. Muryarsa ta yi ƙasa.

"To, ɗiyata. Kin ji. A bar wankan. Hwaɗi kalmar kawai, mu shaida, a sa rana."

Inna ta mintsine ni a cinya. "Hwaɗi," ta ce cikin raɗa. "Don Allah, Zulai. Don nonon da kis sha."

Kalmar tana bakina. Tun ban san sunana ba take bakina. A Inugu, a ɗakin kwanan da ni kaɗai ce mai salla, da ita nake kwana da ita nake tashi.

"Allah gafarta Malam," na ce, "na yi ta da asuba, zan yi ta da azahar in Allah ya kai mu. A nan ba zan yi ta ba."

Na tashi na nemi takalmana. Goggo Asta ta janye zanenta kada ya taɓa ni.

A mota Inna ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta suna motsi. Ledar tana ƙasa, a wajen ƙafafunta. Ni ban yi kuka ba, 'yar'uwa mai tambaya. Ina ta kallon ƙeyar Baba, yadda furfura ta cinye ta ban lura ba.

Muna shiga gida safa tana ƙara a ƙusa. Muttaka ya samo sabis a wani wuri ke nan, ya hau tudu ko ya bi hanya.

"Da kin faɗa kawai da yanzu an sa rana. Me ya sa kike da wuya haka?"

Na kashe wayar, na naɗe ta da cajarta, na kai wa Baba a gindin rumbu. "A haɗa da kayansu in za a mayar."

Ya karɓa, ya ajiye a kan buzu. Ya daɗe yana dubana, ba faɗa a idonsa. Da faɗan ne da ya fi min sauƙi.

"Auren ya tahi, wannan na sani," ya ce. "Ba shi ke damuna ba. Ke kin san abin da kike nuhi. Liman ya sani. Ni ma yanzu na sani. Amma mutum nawa ke cikin zauren can, Zulai? Kin san yadda za su ba da labarin? Ba mai cewa an nemi shaida an rasa. Cewa za su yi, an ce ta yi kalmar shahada gaban liman, ta ƙi."



Ina tsaye da buta zan yi alwalar la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Ba murya ɗaya ba, kuma ba wadda na sani. Baba ya amsa daga zaune.

"Malam Bawa yana ciki?" aka ce, sunan Baba ke nan. "Nan ne gidan malamar?"

Baba ya miƙe, ya laluba takalminsa da ƙafa, ya sa hagu a dama.

"Shiga ɗaki," ya ce min. "Ki yi sallarki da ƙarhi, yadda za a ji."